Yadda Za Ka Sha Maganin Amosanin Gaɓɓai Bayan Ka Warke Daga Ciwon Hanta Nau'in C

Idan hunturu ya kama a Damagaram, gwiwa da gaɓɓan yatsu suka fara tsami, mutumin da ya gama jinyar ciwon hanta nau'in C yakan tsinci kansa a tsaka mai wuya. Ya kashe kuɗi masu yawa, wataƙila ya yi zirga-zirga zuwa Yamai ko Kano har aka ce masa ya warke, yanzu kuma likita ya rubuta masa maganin amosanin gaɓɓai, sai ga wani ɗan uwa ya raɗa masa cewa irin waɗannan magunguna suna karya garkuwar jiki, kuma ciwon hantar zai dawo. Sai ya tura takardar maganin ƙarƙashin matashi, ya nufi mai tallan ƙwayoyi a bakin Kasuwar Dole, ya gudu daga abin da ba zai cutar da shi ba, ya faɗa hannun abin da zai iya cutar da shi.

Amsar tambayar a gajarce ita ce: idan an tabbatar da warkewar ta hanyar awon da ya dace, maganin amosani ba ya dawo da ciwon hanta nau'in C. To amma akwai wasu haɗurra na gaske da suke laɓe a bayan wannan tambaya, kuma su ne suka cancanci kulawarka. Ga yadda ake bin lamarin.

Ka fara tabbatar da cewa warkewar ta tabbata

Jin sauƙi a jiki ba shi ne warkewa ba, haka nan ƙarewar kwalin magani. Magungunan zamani, irin su sofosbubir da aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 2013, da daklatasbir da belfatasbir da ake haɗa shi da su, ana shan su mako 12 a mafi yawan lokuta, wani lokaci har mako 24 idan hanta ta riga ta yi tabo sosai, kuma suna warkar da fiye da mutum 95 cikin 100. Sai dai ba a ce wa mutum ya warke sai an jira mako 12 bayan ƙwayar ƙarshe, an auna jininsa, an ga babu ɓurɓushin ƙwayar cutar. Wannan awo shi ne takardun asibitocinmu suke kira charge virale ko ARN du VHC, takardun Kano kuma su rubuta HCV RNA. Dalilin jiran shi ne, idan cutar za ta sake ɗagowa, kusan kullum a cikin waɗannan makonni take ɗagowa. Wanda ya tsallake su jininsa fes, yiwuwar cutar ta dawo da kanta bai kai 1 cikin 100 ba.

Saboda haka abu na farko shi ne ka ɗauko takardunka ka duba kwanan wata. Idan awon ƙarshe da aka yi maka ranar da ka gama magani ne, ko kuma ba a yi ba sam saboda tsada, to wannan awo ne ya fi cancantar kuɗinka kafin komai. Na san ba shi da arha, kuma ba kowane ɗakin awo ne yake yin sa ba, amma ya fi sauƙi a kan shekaru na zullumi. Likitan da ke duba ka a Babban Asibitin Zinder shi ne zai faɗa maka inda ake kai jinin.

A nan akwai wani ruɗani da yake tayar wa mutane hankali a banza. Awon gaggawa, wanda ake ɗiga jinin yatsa a kan ɗan falle a sami sakamako cikin mintoci, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Alamar da garkuwar jiki ta bari yake nema, wato shaidar cewa jiki ya taɓa karawa da cutar, kuma wannan alama takan zauna a jini har ƙarshen rayuwa, kamar yadda tabon tsaga yake zama a fuska bayan rauni ya daɗe da warkewa. Mutum zai fara maganin amosani, bayan wata uku a yi masa awon gaggawa a wani wuri, a ce masa «positif», sai ya ɗora laifin a kan maganin. Duk wanda ya taɓa warkewa, wannan awo ba shi da sauran amfani a gare shi.

Me ya sa raunana garkuwar jiki ba ya dawo da ita? Ƙwayar nau'in C, wadda aka gano a 1989, ba ta da maɓoya a cikin ƙwayoyin hanta. Dole ne ta riƙa hayayyafa ba dare ba rana kafin ta wanzu, kuma idan magani ya tsayar da hayayyafar har ta ƙare, babu iri da ya rage a ƙasa wanda ruwan sama zai tsirar. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga waɗanda aka yi wa dashen hanta ko ƙoda: suna shan magungunan danne garkuwa da suka fi na amosani ƙarfi nesa ba kusa ba, suna shan su har abada, amma waɗanda suka warke daga nau'in C a cikinsu suna ci gaba da zama a warke.

Idan har yanzu kana kan maganin hantar

Wannan ne kaɗai lokacin da wani magani zai iya ɓata jinyar, kuma ba ta hanyar garkuwar jiki ba, ta hanyar rage ƙarfin maganin hantar a cikin jini. Deksametazon, wanda masu talla suke sayarwa barkatai don ciwon jiki da kuma neman ƙiba, an hana haɗa shi da daklatasbir. Omefurazol da sauran magungunan gyambon ciki, waɗanda masu ciwon gaɓɓai suke yawan sha don kare tumbi daga ƙwayoyin rage zogi, suna rage yadda hanji yake tsotsar belfatasbir da ledifasbir, wanda shi ma maganin nau'in C ne. Rifamfisin na tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su karbamazefin da fenobarbital, su ma suna karya maganin ƙwarai. Idan ciwon gaɓɓan zai iya jira, likitoci sukan fi so a gama makonni 12 ɗin tukuna kafin a fara magani mai nauyi. Idan ba zai jira ba, su suka san wanda za su zaɓa. Abin da ke kanka shi ne ka zuba duk abin da kake sha a leda, har da jiƙo da sassaƙe da garin magani, ka ajiye a gaban likita.

Nau'in B, wanda shi ne ainihin abin tsoro

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya natsu, domin wasu daga cikin labaran «ciwon hanta ya dawo bayan maganin amosani» labarin nau'in B ne da aka yi wa laƙabin nau'in C. A bakin jama'a duka ciwon hanta ne, idan ido ya yi rawaya kuma duka shawara ce, amma ƙwayoyin biyu halinsu ya bambanta. Ta nau'in B tana shiga can cikin tsakiyar ƙwayar hanta ta ajiye irinta, ta yi lamo shekara da shekaru, garkuwar jiki ce kawai take danne ta. Ranar da aka sassauta wannan garkuwa, tana iya farkawa da ƙarfin da zai kai ga hanta ta daina aiki. Kuma yankinmu na Afirka ta Yamma yana cikin wuraren da nau'in B ya fi yawa a duniya. Da yawa sun same shi tun suna jarirai ko suna ƙanana, ba su taɓa sani ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, a kan kimanin miliyan 50 masu nau'in C.

Wani abin mamaki ma shi ne, maganin nau'in C shi kansa yana iya tayar da nau'in B, domin idan ƙwayoyin biyu suna jiki ɗaya, ta C takan danne ta B, kawar da ita kuma sai ya buɗe wa ɗayar fili. A 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mafi girma game da haka a jikin waɗannan magunguna.

Don haka, kafin ka haɗiyi ƙwayar farko ta duk wani maganin da ke danne garkuwa, ka nemi a yi maka awo biyu: AgHBs, wanda ke nuna cutar tana nan, da anti-HBc, wanda ke nuna ta taɓa shiga jiki ko da AgHBs ɗin bai nuna komai ba. Mutane da yawa suna tsayawa a na farko, alhali na biyun ne yake tona asirin wadda ta yi lamo. A cikin magungunan amosani, haɗarin ya fi girma da rituksimab, wanda ake ƙarawa ta jijiya. Sai furednizolon da danginsa idan an sha miligiram 10 zuwa 20 ko fiye a kullum har mako 4 ko sama da haka. Sai alluran zamani irin su adalimumab, infiliksimab da etanasef. Idan awon ya nuna akwai cutar, ba a fasa maganin amosani ba: ana haɗa maka da tenofobir ko entekabir, magungunan danne nau'in B, ƙwaya ɗaya a rana, a fara kafin maganin amosanin ko tare da shi, a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an daina shi, wata 12 ko fiye idan rituksimab ne. Kada ka yanke wannan ƙwaya da kanka don ka ji garau ko don kuɗi sun yanke, domin yankewar kwatsam ita ma tana tayar da cutar. Idan ka ga kuɗin za su gaza, ka faɗa wa likita tun kafin kwalin ya ƙare. Idan kuwa awon biyu duka sun fito babu komai, ka nemi allurar rigakafin nau'in B, wadda ake yi sau uku. Nau'in C ba shi da rigakafi har yau.

Alluran amosani na zamani irin su adalimumab suna da tsada, ba kowa ke kai gare su ba a nan, amma wanda aka rubuta masa su a Yamai ko a waje ya sani cewa ana binciken tarin fuka ma kafin a fara su, saboda shi ma yana lamo a jiki.

Ka san halin da hantarka take ciki

Kashe ƙwayar cuta daban, gogewar tabon da ta bari daban. Wanda aka yi wa magani da wuri, hantarsa takan koma kusan yadda take, kuma ana iya ba shi maganin amosani kamar kowa. Wanda cutar ta shekara ashirin tana ci a ɓoye har hanta ta ƙandare, abin da likitoci ke rubutawa cirrhose, zai ci gaba da zama mai hanta mai rauni ko da babu ƙwaya ko ɗaya a jininsa. Ana gane hakan da hoton eko na ciki, da lissafin da likita zai yi daga awon ASAT, wani sinadari da ke hawa a jini idan hanta ta ji rauni, da na ƙwayoyin daskarar da jini, wanda ake kira APRI, ko da na'urar FibroScan mai auna taurin hanta, inda take. Ka tambayi likita kai tsaye: «Likita, hantata ta yi tabo ko ba ta yi ba?» Amsar wannan tambaya ita ce take raba magungunan da za ka iya sha da waɗanda ba za ka iya ba. Mai ƙandararriyar hanta kuma yana buƙatar hoton eko duk wata 6 har ƙarshen rayuwa, domin haɗarin sankarar hanta yana raguwa bayan warkewa amma ba ya gushewa.

Ya kamata kuma a tabbatar da irin ciwon gaɓɓan. Akwai na zaizayewar gaɓa saboda shekaru da aikin ƙarfi, wanda ya fi kama gwiwa da ƙugu, kuma ba ya buƙatar maganin danne garkuwa ko kaɗan. Akwai wanda garkuwar jiki ce take cin gaɓɓai, mai kumbura yatsun hannu biyu, mai sa sandarewa da safe har fiye da awa guda. Nau'in C shi kansa yana kawo ciwon gaɓɓai, kuma yana sa awon facteur rhumatoïde, wanda ake neman amosanin garkuwa da shi, ya nuna alama ko da mutum ba shi da wancan amosanin. Wani awon jini da ake kira anti-CCP ne ya fi iya raba gardama. Ba ƙaramin kuskure ba ne a ɗora mutum a kan magani mai nauyi shekara da shekaru saboda awon da tsohon ciwon hantarsa ya ruɗar.

Magungunan, ɗaya bayan ɗaya

Farasitamol, duk da mugun sunan da aka ba shi a kan hanta, shi ne mafi aminci a cikin masu rage zogi idan an tsaya a kan ƙa'ida. Mai tabon hanta kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya huɗu ta miligiram 500, kuma ya lura cewa magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki.

Dikilofenak, ibufurofen, firoksikam da indometasin, waɗanda su ne cike da farantin mai talla, su ne na fi jin tsoro. Ga mai ƙandararriyar hanta haramun ne a likitance: suna iya fasa jijiyoyin maƙoshi da tumbi mutum ya yi aman jini, suna iya tsayar da ƙoda, suna tara ruwa a ciki. Ko mai lafiyayyar hanta ya yi hattara da su a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram yake busar da ruwan jiki, haka ma a cikin azumi, domin ƙoda mai ƙishirwa ba ta jure su. Man shafawa na dikilofenak a kan gwiwa ya fi ƙwayar sauƙi ƙwarai, tunda kaɗan ne yake shiga jini.

Metotreksat, wanda a jikin kwali ake rubutawa méthotrexate, shi ne ginshiƙin maganin amosanin da garkuwa ke haddasawa, kuma shi ne aka fi tambaya a kansa. Ba ya dawo da nau'in C, amma yana iya wahalar da hanta da kansa. Mai ƙandararriyar hanta ba a ba shi. Wanda ya warke hantarsa kuma lafiya, ana iya ba shi bisa sharuɗɗa. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma wannan kuskure na shan sa kullum ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Ka zaɓi rana guda, a ce Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin. Idan tsohuwa ce mai shan maganin, ɗa ko jika ɗaya ya ɗauki nauyin miƙa mata, ya ce, «Inna, wannan na ranar Juma'a ne kaɗai,» ya kuma ajiye kwalin a wurinsa. Ana haɗa shi da asid folik a wata rana dabam. Ba a haɗa shi da giya, ba a haɗa shi da kotirimoksazol da aka fi sani da Bactrim, kuma mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. Ana auna ALAT da ASAT, masu nuna lafiyar hanta, da ƙwayoyin jini duk mako 2 zuwa 4 a watanni ukun farko, daga baya a koma duk wata 2 zuwa 3. Leflunomid ma hukuncinsa a kan hanta kusan ɗaya ne.

Idan hanta ba za ta ɗauki waɗannan ba, akwai hidroksikulorokin da sulfasalazin, waɗanda suka fi sauƙi a kanta. Na farkon yana buƙatar a riƙa duba ido lokaci-lokaci. Etanasef da danginsa an daɗe ana ba masu nau'in C tun ma kafin a sami magungunan warkewa na zamani, ba tare da cutar ta ƙazanta ba, rituksimab kuwa har ana amfani da shi wajen jinyar wata cutar jijiyoyin jini da nau'in C yake haifarwa.

Furednizolon da deksametazon suna kwantar da kumburi cikin kwana biyu, shi ya sa ake son su, shi ya sa kuma ake zarcewa da su. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya yanke rana ɗaya don ya karanta wannan rubutu. Ana rage su ne sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita.

Ƙofar da cutar take iya sake shigowa

Warkewa daga nau'in C ba ta ba da kariya. Ana iya sake kamuwa kamar ba a taɓa yi ba, kuma mai ciwon gaɓɓai yana yawan kusantar hanyoyin. Shi ne ake kira wa mai allura har gida ya soka masa maganin zogi, shi ne ake kai wa wanzami ya yi masa ƙaho a gwiwa ko tsaga a ƙugu ko sakiya. Ba sana'ar wanzanci nake zargi ba, aska ɗaya da ta zaga jikin mutum biyar nake zargi. Misira ta taɓa zama ƙasar da ta fi kowace yawan masu nau'in C idan aka kwatanta da yawan jama'arta, saboda alluran maganin tsargiya da aka yi wa jama'a shekaru da dama ba tare da tsabtace su yadda ya kamata ba, kuma sai da gwamnati ta auna miliyoyin mutane daga 2018 kafin ta shawo kan abin. Ka tafi da sabuwar rezarka wurin aski da yankan farce, ka ga an ɓare sirinji a gabanka, kada ka yi tarayya da kowa a burushin haƙori.

Idan kana kan maganin amosani sai ALAT ta hau, ko idonka ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko kasala da tashin zuciya suka ƙi tafiya, kada ka yanke hukunci da kanka, kada kuma ka fara jiƙon shawara. Ka je asibiti a ranar, da ledar magungunanka da tsofaffin takardunka. Likita zai duba shi maganin amosanin tukuna, da abin da ka ƙara a kai na gargajiya ko na talla, sannan nau'in B, sannan ya sake auna charge virale ta nau'in C. Aman jini, baƙin bayan gida, kumburin ciki ko ruɗewar hankali kuwa ba sa jiran wayewar gari.

Idan har awon ya nuna ƙwayar C ta sake bayyana, ana iya duba jinsinta a kwatanta da na farko, domin idan ya bambanta to sabuwar kamuwa ce. Ko wanne ne, ana sake jinya, kuma akwai haɗin sofosbubir, belfatasbir da boksilafurebir na mako 12 da aka tanada musamman don waɗanda maganin farko bai yi musu ba. A wannan lokaci likitan hanta da likitan gaɓɓai ne za su zauna su daidaita wane maganin amosani za a ci gaba da shi, wane kuma za a jingine har makonnin su cika.